ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA: YADDA MARAYA YA KAFA GIDAN ARZIKI

Idan aka ambaci marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne dalar gyaɗa ta Kano, da raƙuma ashirin da aka ruwaito sun ɗauki kuɗinsa na azurfa zuwa banki a shekarar 1929. Amma wanda ke son ya amfana da tarihin wannan bawan Allah, sai ya waiwayi shekarun da ba shi da raƙumi ko ɗaya, domin a cikinsu ne ya tara abin da ya fi jari, watau halayen da ke riƙe da jarin.

An haife shi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu a 1885, Alhassan yana ɗan shekara takwas. Mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana da zama, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunanta ne ya sami laƙabin Ɗantata.

Darasi na farko da ya koya shi ne tanadi. Gādon da ya samu bai taka kara ya karya ba, saboda haka ya haɗa karatun allo da neman abin kansa. Tata ce ta koya masa ajiya a asusu, ya saba da raba abin da za a ci da abin da za a juya. Wannan shi ne tushen kowace sabuwar sana'a, domin yawancin masu faɗuwa a shekarar farko, uwar kuɗin suke ci suna zaton riba ce.

Darasi na biyu shi ne sanin kaya da sanin hanya. Yana da kimanin shekara goma sha biyar ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, har ya isa wurin mahaifiyarsa. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, zango bayan zango, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi. Goro kuwa kaya ne mai wuyar sha'ani: sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana buɗewa ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara kada ya ɓata saura. Wanda ya yi wannan aiki da hannunsa, da wuya dillali ya cuce shi.

Na uku shi ne jure wa faɗuwa. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Kano a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Bebeji na cikin garuruwan da abin ya shafa. An ruwaito cewa an kama Alhassan da 'yan uwansa, daga baya suka fanshi kansu. Bai ɗauki wannan a matsayin ƙarshen nema ba, ya sake komawa kan hanyar goro.

Na huɗu shi ne gane inda zamani ya dosa. Wajen 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Gana zuwa Ikko, alhali fatake da dama suna nan a kan tsohuwar hanyar jakuna. Ya lissafa cewa gajarta tafiya na rage asarar goro, kuma kuɗi na juyawa sau da dama a shekara maimakon sau ɗaya. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai ta tarar da shi ya riga ya san kasuwannin kudu da mutanensu.

Na biyar, wanda ya ɗaure sauran, shi ne riƙon amana da iya zaɓen mutane. Turawan mulki sun so manoman Kano su rungumi auduga, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi musu riba. Kamfanonin Turawa kuwa ba su san ƙauyuka ba, dole suka nemi fataken da ke da yara a ko'ina. A 1918 Kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Kamfani ya ba shi kuɗi, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga karkara su sayo. Duk wannan ciniki a kan yarda yake tafiya, yaro ɗaya ya ci amana sai asara ta hau kan maigida. Ɗantata ya san wanda zai ba kuɗi, ya san adadin da zai ba shi, kuma yana cika alkawari ga kamfani a kan lokaci. Kafin 1922 an riga an san shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Kano.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da riƙe gidan, kuma Alhaji Aliko Ɗangote jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

To, ɗalibin da ke shirin barin makaranta, da ma'aikacin da ke jiran kuɗin sallama don ya buɗe kanti, sukan ce rashin jari ne ya hana su motsi. Ya kamata kowannensu ya tambayi kansa: shin ya iya tanadi? Ya san kayan da zai sayar ciki da bai? Akwai wanda zai ba shi kaya bashi a kan kalmarsa kawai? Ɗantata ya shafe kusan shekara talatin yana amsa waɗannan tambayoyi kafin Kamfanin Neja ya neme shi. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.