U Thant: malamin makarantar da ya shiga tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet

An haifi U Thant ranar 22 ga Janairun 1909 a garin Pantanaw na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar a yau, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 14, gidansu ya shiga ƙunci. Shekara biyu kawai ya yi a jami'ar Rangun, ya koma garinsu yana koyarwa har ya zama shugaban makaranta.

Bayan samun ƴancin kai a 1948, abokinsa firaminista U Nu ya jawo shi aikin gwamnati. A 1957 ya zama wakilin ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Da babban magatakarda Dag Hammarskjöld ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1961, aka ba U Thant riƙon kujerar ranar 3 ga Nuwamba.

Bai cika shekara ba sai duniya ta tsaya a bakin rami. Ranar 14 ga Oktoban 1962 wani jirgin leƙen asirin Amurka ya ɗauko hotunan wuraren harba makamai masu linzami na nukiliya da Tarayyar Sobiyet ke ginawa a Kyuba. Ranar 22 ga wata shugaba Kennedy ya sanar cewa jiragen ruwan yaƙinsa za su tare duk jirgin da ke kai wa tsibirin makamai.

A nan doka ta shigo. Sashi na 2 na Yarjejeniyar Majalisar ya hana amfani da ƙarfi ko barazana da shi, sashi na 51 kuma ya halatta kare kai idan an kawo hari. Kyuba ba ta kai wa kowa hari ba, don haka Amurka ba ta dogara da sashi na 51 ba. Ta kuma guje wa kalmar toshe teku, wadda a dokar ƙasa da ƙasa tamkar shiga yaƙi ce, ta kira matakin killacewa, ta nemi goyon bayan Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka. Sobiyet ta ce matakin haramtacce ne. Kwamitin Sulhu bai iya yanke hukunci ba, domin ƙasashen biyu kowace na da ikon hawa kujerar na-ƙi.

U Thant ba shi da rundunar da zai tura, sai alƙalami. Ranar 24 ga wata, bisa roƙon ƙasashe ƴan ba-ruwanmu fiye da 40, ya aika wa Kennedy da Khrushchev saƙo iri ɗaya, cewa a dakatar da jigilar makamai da killacewar na mako biyu zuwa uku. Khrushchev ya amince, Kennedy bai yarda ba. Washegari sai ya rage buƙatarsa: jiragen Sobiyet su nisanci wurin da ake tarewa, na Amurka su guji arangama. Dukansu suka karɓa. Wannan ya ba Khrushchev damar tsayar da jiragensa a matsayin amsa kiran Majalisa, ba tare da an ce ya durƙusa wa Amurka ba.

Ranar 28 ga wata Mosko ta sanar da kwashe makaman, Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ta yarda ta janye nata makaman daga Turkiyya. U Thant ya tafi Habana ranar 30 ga wata. Fidel Castro ya ƙi yarda masu bincike su shiga ƙasarsa, amma ya amince a mayar da gawar matuƙin jirgin Amurka da aka harbo. An ɗage killacewar ranar 20 ga Nuwamba, kwana goma bayan haka aka tabbatar da U Thant a kujerarsa.

Ya sha suka a 1967, lokacin da ya janye dakarun Majalisa daga Sinai bisa buƙatar Masar, makonni kaɗan kafin yaƙin kwana shida. Hujjarsa ita ce dakarun ba su da hurumin zama a ƙasar da ta janye izininta.

Ya sauka a ƙarshen 1971, ya rasu a New York ranar 25 ga Nuwamban 1974. Gwamnatin soja ta Ne Win ta hana shi jana'izar girmamawa, ɗalibai suka ƙwace akwatin gawarsa suka kai harabar jami'ar Rangun. Sojoji suka afka musu, aka yi asarar rayuka. Kabarinsa na kusa da wurin ibada na Shwedagon a birnin Rangun.