Kyaftin Mbaye Diagne, Sojan Da Ya Ceci Ɗaruruwa Ba Bindiga A Hannu

Ran 31 ga watan Mayu 1994 ne Allah ya yi wa Kyaftin Mbaye Diagne, hafsan sojan ƙasar Senegal, rasuwa a Kigali, babban birnin Ruwanda, yana da shekara 36, yana bakin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya.

An haife shi a garin Koki cikin 1958, ya tashi a Pikine, wata unguwar talakawa da ke gefen Dakar. Bayan ya yi karatu a Jami'ar Dakar sai ya shiga makarantar hafsoshi cikin 1983, har ya kai ga muƙamin kyaftin. Cikin 1993 aka tura shi Ruwanda, da fari a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, daga baya kuma a rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya wadda Janar Romeo Dallaire na Kanada ya shugabanta. Aikinsa sa ido ne, watau ya duba ya kawo rahoto, kuma ba ya riƙe makami.

Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana, nan take 'yan ta-kifen Hutu suka far wa 'yan ƙabilar Tutsi da duk Bahutun da ya ƙi goyon bayansu. Cikin kwana ɗari aka hallaka mutum wajen 800,000, yawanci da adduna. Kashegarin harbo jirgin aka kashe Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana da mijinta, 'ya'yansu kuwa suka ɓuya a wani gida na ma'aikatan Majalisar. Kyaftin Mbaye ne ya ɓoye yaran a bayan motarsa, ya ratsa da su ta tsakiyar makasan, ya kai su otel ɗin Mille Collines, daga nan aka fitar da su daga ƙasar.

To, daga ranar bai sake zama ba. Ko da yake ƙa'idar aikinsa ba ta yarje masa ba, kullum sai ya fita shi kaɗai, ya kwaso mutum uku, ko huɗu, ko biyar, ya bi da su ta shingaye barkatai. In 'yan adda sun tare shi sai ya dinga yi musu barkwanci, ya miƙa musu taba ko 'yan kuɗi, har su buɗe hanya. Ta haka ya ceci ɗaruruwan rayuka. Janar Dallaire ya san abin da yake yi, amma bai hana shi ba.

A daidai lokacin nan kuwa manyan ƙasashe janye jiki suke yi. Ran 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya yanke shawarar rage rundunar zuwa mutum 270 kacal, alhali tun farko wakilin Nijeriya, Farfesa Ibrahim Gambari, ya nemi a ƙarfafa ta.

Ranar da ajali ya zo, yana ɗauke da saƙo zuwa wurin Janar Dallaire, ya tsaya a wani shinge, sai harsashin igwa ya faɗi bayan motarsa, ɓaraguzansa suka same shi a ƙeya, ko shurawa bai yi ba. Saura masa kwana 12 ya koma gida wurin matarsa da 'ya'yansa biyu. Don tsananin rashin kayan aiki, cikin shuɗin tamfol na 'yan gudun hijira abokan aikinsa suka naɗe gawarsa, aka kai ta Senegal aka yi masa sutura.

Sai da aka shekara ashirin, ran 8 ga Mayu 2014, sa'an nan Kwamitin Sulhun nan da ya rage rundunar ya kafa lambar jaruntaka da sunansa, don girmama ma'aikatan Majalisar da suka sai da ransu wajen ceton jama'a.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.