Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya

Muhammadu Attahiru ɗa ne ga Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, shi kuwa Atiku ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Ya hau gadon sarauta a watan Oktoba na shekarar 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Ya tarar da daula cikin mawuyacin hali, domin a lokacin Turawan Ingila sun riga sun ci Bida da Kwantagora da Yola da Bauci. A ranar 3 ga Fabrairu, 1903 kuma Kano ta faɗa hannunsu.

Da labari ya iso Sakkwato, sai ra'ayin manya ya rabu gida uku: wasu na ganin a yi sulhu, wasu a yi yaƙi, wasu kuma a yi hijira. Ba a kai ga tsayar da magana ba rundunar Turawa ta sauka a Shagari, kudu da Bodinga, inda wadda ta taso daga Argungu ta haɗu da ita. A ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bayan ganuwar birni. Masu da takubba ba su iya jure wa bindiga mai ruwa ba, saboda haka cikin ɗan lokaci aka watse.

A nan ne halin Attahiru ya fito fili. Maimakon ya koma ya riƙe sarauta a ƙarƙashin baƙi, sai ya nufi gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Gwamna Lugga ya naɗa Attahiru na Biyu a madadinsa, amma duk da haka dubban jama'a, malamai da talakawa da sarakunan da aka tuɓe, suka bar gidaje da gonaki suka bi shi. Wannan ne ya tayar wa Turawa hankali, suka bi sawunsa har Burmi, cikin ƙasar Gombe. A can ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu.

Sarautar Attahiru a Sakkwato ba ta wuce wata biyar ba, amma ya nuna cewa cin gari da yaƙi daban, samun yardar mutanensa daban. Shekara uku bayan rasuwarsa, wato 1906, mutanen Satiru, kusa da Bodinga, suka sake ɗaga takobi a kan Turawa.