Joseph Montgolfier, wanda ya sa buhu ya tashi sama

Duk yaron da ya taɓa zama kusa da murhu ya ga yadda toka da guntayen kara suke tashi bisa wuta. Mutane da yawa sun ga haka, ba su kula ba. Wani Bafaranshe mai suna Joseph Montgolfier shi ya tsaya ya yi tunani a kai.

An haifi Joseph a shekarar 1740, kusa da garin Annonay, a ƙasar Faransa. Ubansa yana da masana'antar takarda. Ƴaƴansa goma sha shida ne, Joseph ne na goma sha biyu. Mutum ne mai kunya, bai damu da ado ba, bai kuwa iya ciniki ba. Gwaje-gwaje kawai yake so. Ƙanensa Etienne shi ya riƙe masana'antar, shi ne kuma ya iya magana da manya.

A watan Nuwamba 1782, Joseph yana garin Avignon. Ya haɗa wani ɗan akwati da siraran sanduna, ya rufe shi da yadin siliki, ya bar bakinsa buɗe ta ƙasa. Ya kunna takarda ƙarƙashinsa. Sai akwatin ya tashi har ya taɓa rufin ɗaki. Nan da nan ya aika wa ƙanensa da wasiƙa, suka shiga aiki tare.

Ran 4 ga watan Yuni 1783, mutanen Annonay suka taru a dandali. Ƴan'uwan nan biyu suka kawo wani ƙaton buhu na algarara, an manna masa takarda ta ciki, an haɗa ƙyallayensa da maɓallai 1800. Suka hura wuta ƙarƙashinsa. Buhu ya dinga kumbura har faɗinsa ya wuce mita 10. Da aka sake shi, sai ya yi sama. Ya yi minti 10 yana tafiya, ya faɗi nesa da wurin kamar kilomita 2.

Joseph yana zaton hayaƙi ne ke ɗaga buhun. Shi ya sa yake ƙona ciyawa da gashin tumaki, don hayaƙi ya yi yawa. A nan ya yi kuskure. Iska ce, in ta yi zafi, nauyinta ke raguwa, sai ta hau bisa iska mai sanyi, ta ɗauki buhun. In ta huce, buhu ya sauko.

Labari ya kai wa sarkin Faransa, Louis na 16. Etienne ya tafi fada, Joseph ya zauna gida. A lokacin nan ba wanda ya san ko mai rai zai iya numfashi can sama. Saboda haka ran 19 ga Satumba, a Versailles, aka ɗaura kwando ƙarƙashin buhun, aka sa tunkiya da agwagwa da zakara, irin waɗanda ake kawowa kasuwar Baleyara ran Lahadi. Bayan minti 8 suka sauko da ransu. Ran 21 ga Nuwamba mutum biyu, Pilâtre de Rozier da d'Arlandes, suka hau. Suka ratsa bisa birnin Pari cikin minti 25.

Joseph kansa sau ɗaya tak ya tashi sama. An yi haka a garin Lyon, ran 19 ga Janairu 1784. Su bakwai suka hau, ga shi kuwa ruwa da wuta sun riga sun lalata buhun tun wajen gwaji. Suna sama sai ya yage. Suka sauko da ƙarfi, amma ba wanda ya mutu. Abin ba wasa ba ne: a shekarar da ta biyo baya, Pilâtre de Rozier ya faɗo ya mutu yana ƙoƙarin ƙetare teku zuwa Ingila.

Joseph bai bar gwaji ba. A 1796 ya ƙera wani famfo mai tura ruwa bisa tudu da ƙarfin gudun ruwan kansa, ba mai, ba dabba. Ya rasu a 1810, yana da shekara 69.

Irin wannan buhu shi ake kira balan-balan mai iska mai zafi. Da Faransanci kuwa sunansa montgolfière, sunan gidansu Joseph ke nan. Na yanzu da yadin nailan ake ɗinka su, da gas ake zafafa iskar. A Annonay akan yi biki farkon watan Yuni don tunawa da ranar nan ta 1783. Iyaye kan zo da ƴaƴansu, su tsaya a fili suna kallo. Da sassafe ko da marece ake sakin balan-balan, lokacin da iska ta kwanta.