Bawa Jan Gwarzo

Bawa Jan Gwarzo (ya rasu wajajen shekarar 1790) Sarkin Gobir ne da ya yi mulki a birnin Alƙalawa a ƙarshen ƙarni na 18. A zamaninsa Gobir ta kai ƙololuwar ƙarfinta a ƙasar Hausa. An fi tunawa da shi saboda jarumtarsa, wadda ta ba shi laƙabin Jan Gwarzo, da kuma haɗuwarsa da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Magami.

Asali

Bawa ɗan Sarkin Gobir Ibrahim Babari ne. Gobirawa sun taso ne daga ƙasar Asbin, suka yi zama a Birnin Lalle, sannan suka gangaro kudu zuwa kwarin Gulbin Rima, wanda a lokacin yake hannun Zamfarawa. Babari ne ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a shekarun 1760, ya mai da Alƙalawa babban birnin Gobir. Kufan birnin yana yankin Sabon Birni a jihar Sakkwato ta yau.

Hawa gadon sarauta

Bayan rasuwar Babari, ɗansa Ɗan Gudi ne ya gaje shi, sannan Bawa ya hau a shekarun 1770. A Gobir sarauta ba ta zama ta babban ɗa kai tsaye, kamar yadda take a gidajen sarautar Ingila. Duk ɗan sarki yana iya nema, masu zaɓen sarki su tara, waɗanda ake kira Taran Gobir, su ne ke fitar da wanda za a naɗa. Shi ya sa 'ya'yan Babari huɗu suka yi sarauta a jere: Ɗan Gudi, Bawa, Yakuba da Bunu Nafata. A gefen sarki kuma akwai Inna, sarautar da ake ba mace 'yar gidan sarauta, wadda ke shugabantar mata da 'yan bori.

Mulki

Bawa ya shafe yawancin mulkinsa yana yaƙi don riƙe ƙasar Zamfara da kuma karawa da Katsina. Ɗawainiyar yaƙi ta sa haraji ya yi wa talakawa nauyi, jangali kuma ya addabi Fulani makiyaya. Wannan ya ƙara wa wa'azin malamai karɓuwa a ƙauyuka, musamman na Shehu Usmanu na Ɗegel.

Taron Magami

A Babbar Sallah ta wajajen 1788, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya raba musu kyauta. An ruwaito cewa ya ba Shehu miskali 500 na zinariya, amma Shehu bai karɓa ba. A maimakon haka ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya yi wa'azi a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince da su duka. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara.

Wannan izini ya ba jama'ar Shehu damar bunƙasa a fili. Nafata ya janye yawancinsa daga baya, inda ya taƙaita wa'azi, ya hana maza ɗaura rawani, mata kuma yin lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa rikicin ya zama yaƙi a 1804, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808.

Rasuwa

Bisa tarihin baka, an kashe ɗan Bawa a yaƙi da Katsinawa a Ɗankaishi, baƙin cikin haka ya yi ajalin sarkin bayan kwana 40. Ƙanensa Yakuba ya gaje shi.

Gidan sarauta bayansa

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen gidan Babari ba. Sarkin Gobir Ali ɗan Yakuba ya mutu a yaƙin Gawakuke a 1836, ɗan'uwansa Mayaƙi ya kafa sabuwar fada a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Daga baya wani ɗan sarki, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni a shekarun 1860. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta zauna a Najeriya.

A yau sarautar Sarkin Gobir tana nan a Tsibiri da Sabon Birni a hannun Gobirawa. A Isa da Gwadabawa ma ana naɗa Sarkin Gobir, sai dai masu riƙe da ita a can zuriyar Shehu Usmanu ne.