Aileen Riggin: Yarinyar da aka so hanawa zuwa gasar Olamfik

An haifi Aileen Riggin ranar 2 ga Mayu, 1906, a garin Newport na jihar Rhode Island a Amurka. Mahaifinta jami'in rundunar sojan ruwa ne. Aiki ya kai shi ƙasar Filifin, a can ta koyi ninkaya tana 'yar shekara 6. Bayan iyalin sun koma New York, ta shiga ƙungiyar ninkaya ta mata wadda Charlotte Epstein ta kafa a 1917.

A wancan zamani mata ba su da wurin da ya dace na koyon wasan tsunduma cikin ruwa, inda ake tsalle daga kan katako mai tsayin mita 3, a yi alkafura kafin a faɗa. Saboda haka Riggin da sa'o'inta kan tafi bakin teku a Brooklyn, su jira ruwa ya cika kafin su fara atisaye.

Ta sami gurbi a tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta 1920 a Antwerp, ƙasar Beljiyam, amma wasu jami'an wasanni suka nuna adawa da tafiya da ƙananan 'yan mata. Sai da shugabannin ƙungiyarta suka tsaya kai da fata kafin aka amince. A Antwerp, cikin ruwa mai sanyi da duhu, yarinyar mai shekara 14, wadda nauyinta bai wuce kilo 30 ba, ta lashe lambar zinariya. A gasar Faris ta 1924 ta ƙara da azurfa a tsunduma da tagulla a ninkayar rigingine ta mita 100, ta shiga sahun matan farko da suka haɗa lambobi a wasannin biyu a gasa guda.

Daga 1926 ta koma nuna gwaninta a gaban 'yan kallo da koyar da ninkaya. Ta kuma riƙe alƙalami, ta shiga sahun matan farko da suka yi rubutun wasanni a jaridun Amurka, fagen da maza suka kankane. A 1967 aka sanya sunanta a zauren karrama gwanayen ninkaya na duniya.

Tsufa bai raba ta da ruwa ba. Tana da shekara 85 ta kafa sabbin bajintoci na duniya a rukunin tsofaffi. Ta rasu a Honolulu cikin Oktoban 2002, tana da shekara 96.

Da jami'an 1920 sun yi nasarar cire sunanta, da zinariyar Antwerp ta tafi hannun wata. Hazaƙa tata ce, amma sai da aka sami masu tsaya mata a gaban hukuma kafin duniya ta gani.