JANAR MURTALA DA BAƘAR MARSANDINSA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maitama da Asokoro a Abuja, idonsa zai ƙoshi da kallon motocin alfarma. Kamfanin Mercedes-Benz na Jamus, wanda mu muke kira Marsandi, bai fasa fito da sabbin samfura ba. A 2023 ya fito da CLE mai ƙofa biyu, daga bisani ya biyo da 'yar'uwarta wadda ake yaye wa rufi a sha iska, sa'an nan a 2024 ya kawo babbar jif ɗinsa ta G mai tafiya da lantarki. To, amma jama'a, akwai wata tsohuwar baƙar Marsandi a gidan kayan tarihi na Onikan a Ikko, jikinta duk hujin harsashi, wadda ta fi waɗannan duka daraja a tarihin ƙasar nan. A cikinta aka kashe mutumin da ya yanke shawarar gina Abuja, wato Janar Murtala Ramat Muhammed.

An haifi Murtala ran 8 ga Nuwamba, 1938, a birnin Kano, ya kuwa tashi a unguwar Kurawa. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda aka fi sani da Barewa, ya shiga soja a 1958. Aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya sami anini a 1961, ya ƙware a sashen sadarwa. Ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Matarsa, Ajoke, Bayarabiya ce, don haka shi ma surukin Kurmi ne kamar da yawa daga cikinmu.

Tun yana ƙaramin hafsa an san shi da zafin nama da rashin tsoro, kuma wannan hali ya jawo masa yabo da zargi. Yana cikin jagororin juyin mulki na Yuli, 1966, wanda ya kawo Yakubu Gowon kan mulki. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, shi ya ja runduna ta biyu, ya ƙwato Benin da Jihar Tsakiyar Yamma cikin hanzari. Amma gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: a watan Oktoba na wannan shekara sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba, ciwon da har yau bai warke a zukatan mutanen garin ba. Haka kuma nacewar da ya yi sai ya ƙetare Kogin Kwara kai tsaye zuwa Anacha ta ci rayukan sojojinsa masu yawa.

A 1974 aka naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya. Ran 29 ga Yuli, 1975, Janar Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kampala, sai aka hamɓarar da gwamnatinsa ba tare da zub da jini ba, aka ɗora Birgediya Murtala.

Dattawanmu da suka zauna Ikko a wancan zamani sun san halin da ya tarar. Kuɗin man fetur sun shigo, motoci sun yi wa tituna yawa, mutum ya fito da asuba ya isa ofis rana ta take. Ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi cirko-cirko a bakin Apapa, ba wurin sauke kaya. Murtala bai tsaya wata-wata ba. Ya sauke gwamnonin jihohi goma sha biyu, ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zargin cin hanci da lalaci, ko da yake guguwar ta haɗa har da waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba. Ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula ran 1 ga Oktoba, 1979. A harkar waje kuwa, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola ba tare da jin tsoron ɓacin ran Amurka ba.

A watan Agusta, 1975, ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama babban birni. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa, inda ba wata babbar ƙabila da za ta ce nata ne. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Murtala ya sanar da kafa sabon Babban Birnin Tarayya, ya kuma mai da jihohi suka zama goma sha tara. Tsohon garin Abuja ya ba da sunansa, shi kuma ya koma Suleja.

To, ga inda maganar mota ta shigo. Shugaban bai tare a Barikin Dodan ba, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi. Ba ya son jiniya, ba ya son jerin gwanon motoci da babura suna korar talakawa daga hanya. Idan gosulo ya tsai da mai tasi, shi ma ya tsai da shi. Motarsa Marsandi ce, amma ba mai sulke ba.

Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, kwana goma kacal bayan sanarwar Abuja, yana kan hanyar ofis da safe, motar ta rage gudu cikin cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya ta Ikoyi. Nan sojojin da ke bin Laftanal-Kanal Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Murtala ya cika, tare da dogarinsa Laftanal Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Shekarunsa 37, mulkinsa kuwa wajen kwana ɗari biyu. Aka kai shi Kano aka yi masa sutura. Juyin mulkin bai yi nasara ba, Janar Olusegun Obasanjo ya gaje shi, a zamaninsa ne kuma aka mai da Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokaci, motar manyan jami'an gwamnati don rage almubazzaranci.

An sa hotonsa a takardar Naira 20 a 1977, aka kuma raɗa wa filin jirgin sama na Ikeja sunansa. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Babangida. Shi kansa bai ga ko tubali ɗaya na birnin ba.

Wasu na cewa sakaci ne shugaba ya yi tafiya ba tsaro, kuma maganarsu tana da hujja, tun da ƙasa ta yi asara. Amma a yau da manyan Abuja ke fita da jerin jif-jif masu baƙin gilashi, yana da kyau a tuna cewa mai birnin ya yarda ya bi layi ɗaya da talaka.

'Yan'uwa na Obalende da Agege da Idi-Araba, Onikan ba nisa. Ranar da aka sami sarari, a ɗauki yara a kai su su ga motar nan da idonsu. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.